An ce in shiga zaman ƙungiya saboda ciwon fargaba, ko akwai wanda ya taɓa yi nan Damagaram?

Ƴar Garin Malam:

Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni matar aure ce da ɗiya uku, ɗinki nake yi cikin gida. Abin ya same ni tun damanar 2024, waccan da ruwa ya kada tsohon masallacin Birni, a kwanakin nan katangar maƙwabtanmu ta faɗi cikin dare, Allah ya kiyaye ba wanda ya rasu amma ni daga ranar ban koma daidai ba. Da farko in hadari ya taso ne gabana ke faɗuwa, to damana ta wuce sanyi ya zo ya wuce abin bai tafi ba sai ma ya canza kama. Ina zaune bisa keke ina ɗinki haka kawai sai zuciyata ta kama duka da ƙarfi, hannuwa su yi sanyi, zufa ta karyo, numfashi ya ƙi sauka, in ji yanzu yanzu zan mutu. In yara suka ɗan yi lattin dawowa daga lakkwal na riga na gama ganin kabu-kabu ta banke su. Kasuwar Dole da nake zuwa sayen yadi da zare na daina zuwa don a can ya taɓa kama ni tsakiyar mutane, yanzu ƙanena nake aike, biki da suna ma sai in ce ba ni jin daɗi.

Mun je CSI, ƙaramin asibitin unguwa, an auna tansiyo lafiya lau, aka tura mu babban asibiti aka ɗebi jini aka saka mini wayoyin nan na auna zuciya, duk suka ce ba komi. Rubutu na sha, ruƙiyya an yi. A ƙarshe wani lokotoro ya tura ni wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, matar da ta duba ni ta ce ciwon fargaba ne kuma ana warkewa, ta ba ni ƙwaya guda kullum da safe, sannan ta ce akwai zama da ake yi da mata masu irin matsalar sau ɗaya a sati, in shiga.

To nan na tsaya. Kun san garin nan, ka yi tari a Zongo a ji ka a Birni, in na je na tarar da wadda ta san dangin maigidana fa, gobe a ce ai wance ta taɓu, ina da ɗiya mace da za a zo neman aurenta wata rana. Kuma ni da labarin rasuwa ma ba na iya ji, yaya zan zauna mata goma kowacce na zazzage nata bala'in, ba ƙara mini za su yi ba? Maigida kuma cewa ya yi shi ƙwaya ya gane, amma hira ai a gida ma ana yi. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin zaman nan ko ya san kansa ya gaya mini gaskiya.

Ɗan Birni:

Wa alaikis salam. Allah ya ba ki lafiya baiwar Allah, ya sa kaffara ne. Ni dai ba zan ɓoye miki ra'ayina ba, maganin asibiti ki sha babu laifi, Annabi SAW ya ce mu nemi magani, amma zuwa ki zauna cikin mata ki buɗe cikinki ban goyi baya ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maganar da ta fita baki ba ta dawowa, kuma mace mai aure sirrinta sirrin mijinta ne, in kika fara bayani dole zancen gida ya shigo. Ki riƙe azkar na safe da marece, ki yawaita hasbunallahu wa ni'imal wakil, in abu ya cika miki ciki ki sami mahaifiyarki ko yayarki ta ciki ɗaya ki gaya mata. Iyayenmu sun ga yunwar 1984 sun ga mutuwar ɗiya ba su yi ƙungiyar kuka ba. Wannan shi ne nawa, Allah ya sa ki gane ba da mugun nufi na faɗa ba.

Baba Majo mai ritaya:

Ɗiyata sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Na yi aikin jinya shekaru masu yawa a CSI na ƙauyuka wajen Mirya da Matamaye da Magarya kafin in dawo gari, kuma irin ki na gani ba iyaka, mace ta zo tana riƙe da ƙirji ta ce majo zuciyata za ta tsaya, a auna komi daidai, a ba ta farasetamol da bitamin ta koma, bayan sati biyu ga ta nan kuma. Malam Ɗan Birni iyayen namu ma suna da shi, sai dai a ce musu iska ce ko sammu, wata ta ƙare rayuwarta cikin ɗaki ba ta fita ana cewa ai ita haka take ba ta son mutane. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba a duniya, mata sun fi yawa, kuma cikin huɗu kusan ɗaya ne kawai ke samun magani. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, na ga limamai da shi.

Bari in gaya miki abin da ke faruwa a jikinki in ya taso, don shi ne tushen amfanin zaman. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka akwai haɗari sai ta saki sinadarin da ke shirya jiki don gudu, zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya zama gajere da sauri sauri, wannan saurin numfashin shi ke kawo jiri da sanyin hannu da jin yatsu na tsira-tsira, ke kuma da kika ji haka sai ki ce shi ke nan mutuwa ce, tsoro ya ƙaru, jiki ya ƙara. Yawanci cikin minti 10 ya kai ƙarshen ƙarfinsa ya fara sauka da kansa, kuma tunda an duba zuciyarki lafiya take, shi kansa ba ya kisa. Inda ciwon ke samun gindin zama shi ne gudun da kike yi. Ranar da kika aiki ƙanenki kasuwa kin ji sanyi a ranki, ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa lalle kasuwa haɗari ce gara da ba mu je ba, gobe biki, jibi suna, a haka duniyar mutum ke ƙanƙancewa har ta koma ɗaki da tsakar gida. Ƙwaya tana rage wutar, amma ba za ta kai ki Kasuwar Dole ba, ƙafarki ce za ta kai ki, kaɗan kaɗan, kuma wannan shi ne aikin da ake koya a zaman.

Shi ya sa nake so ki gaya wa maigidanki ba hira ba ce. Akwai tsarin da OMS ta fitar mai suna PM+, na mutum ɗaya ya fito a 2016, na ƙungiya a 2020, zama biyar ne sati sati, kowane wajen awa biyu, mutane ba su wuce 12 ba, mata daban maza daban in al'adar wuri ta so haka, kuma wanda ke jagoranta ba lalle ya zama lokotoro ba, an horar da shi ne ana kuma sa mishi ido. Ana koyon numfashi a hankali daga ciki, ki ja kina ƙirga uku ki saki kina ƙirga uku. Ana koyon yadda za ki ɗauki matsala guda ɗaya mai yiwuwar warwarewa ki rarraba ta, maimakon duk matsalolin duniya su taru miki a kai ƙarfe biyun dare. Ana sa ki koma ayyukan da kika bari ɗaya bayan ɗaya, da kuma neman waɗanda za ki jingina da su cikin danginki. Ban ce lalle shi ne naku ke bi ba, ki tambaya, amma mafi yawan zama na ƙwarai haka ƙashin bayansa yake, akwai darasi akwai aikin gida akwai ranar gamawa.

To mi ya sa a taru, mi ya hana a koya miki ke kaɗai? Gaskiya ɗaya dalili shi ne ƙarancin ma'aikata, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƴan kaɗan ne kuma yawancinsu suna Yamai, ma'aikaci ɗaya in ya zauna da mata goma awa biyu ya yi aikin da zai ci mishi kwana biyu. Amma ba shi ke nan ba. In ni na ce miki ba za ki mutu ba sai ki ce a ranki majo bai san abin da nake ji ba, in mace irinki ta ce wallahi nima haka nake ji kuma shekaranjiya na shiga kasuwa na fito, wannan maganar tana shiga inda tawa ba ta kaiwa. Kuma kunyar ki dawo sati mai zuwa ki ce ban yi aikina ba alhali ƴan uwa sun yi, ita ma tana tura mutum.

Kafin ki shiga ki tambayi matar nan wa ke jagorantar zaman kuma ina ya yi horo, mata nawa ne, zama nawa ne, ana rubuta suna ko ɗaukar murya, kuma mi ake yi wa wadda ta fitar da magana waje. In aka ce ko wa ya ga dama ya shigo ya fita ba mai jagora, wannan wani abu ne daban, yana iya yin daɗi amma ba shi nake nufi ba.

Maganar ƙwaya kuma, in irin su fuluwoksetin ko sataralin ce aka ba ki, ba ta aiki rana ɗaya, sai ta yi sati biyu zuwa shida, kwanakin farko ma wata sai ta ji tashin zuciya ko fargabar ta ɗan ƙaru, kar ki yanke da kanki kuma kar ki ce tunda na shiga ƙungiya na bar ƙwaya. Abin da nake roƙonki da Allah kar ki saya wajen masu tallar magani bisa tire ko keke, diyazefam da suke bayarwa a ce na barci yana kwantar da mutum nan take amma jiki na sabawa da shi, fita daga gare shi ya fi ciwon wuya, OMS ma a jagorarta ta 2023 ba ta ba da shawarar a riƙa magance irin wannan ciwon da shi ba. Tramol kuwa kin dai ga abin da ya yi wa samarin garin nan. Ki rage shayi mai ƙarfi da Nescafé da goro, ki tambaya ko cikin jinin da aka ɗiba an duba ƙarancin jini da maƙoƙo don su ma suna kawo bugun zuciya. In kuwa wata rana tunanin ki cutar da kanki ya zo miki, kar ki jira ranar zama, ki gaya wa maigida a tafi asibiti a ranar.

Uwar Tagwaye:

Ƴar uwa ni na yi, bara, wani furoje ne ya shirya ta hannun asibitin unguwarmu, bayan haihuwar tagwaye ne nawa ya taso. Duk abin da kike tsoro na ji shi, har wanda kika ce na haɗuwa da wadda ta san ki, wallahi ranar farko ina ɗaga labule wa zan gani, matar da ke saida ƙuli-ƙuli bayan layinmu wadda kullum muke gaisawa. Na tsaya bakin ƙofa takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ita ma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, sai mai jagorar ta ce shigo mana ga wuri, na zauna can ƙarshen tabarma kusa da randa. Abin da ban yi tunani ba tun a gida shi ne ita ma fa abin da ya kawo ni shi ya kawo ta, in ta tona ni ta tona kanta. Har yau muna gaisawa a layi ba wadda ta taɓa ɗaga zancen gaban mutane.

Mu tara ne. Kafin a fara komi aka yi alkawali kowacce da bakinta cewa abin da aka faɗa nan ya tsaya nan, aka tara salula cikin wani kwano aka rufe da faifai. Ba a tilasta kowa magana, ni zaman farko sunana kawai na faɗa, kuma ba a son ki kawo sunan miji ko kishiya ko uwar miji, in kin fara mai jagorar za ta ce mu tsaya kan abin da kika ji a jikinki da abin da kika yi. Wannan ya amsa maganar malam na sama. Batun a ƙara miki tsoro kuma, akwai wata dattijuwa da ta so ta ba da labarin hatsarin motar da ɗanta ya rasu ciki a hanyar Tanut tun daga farko har jini, aka dakatar da ita cikin ladabi aka ce za a gan ta ita kaɗai bayan an tashi. Ba zan ce ban taɓa komawa gida da nauyi a ƙirji ba, zama na biyu na yi kuka har dare, amma ba irin kukan tsoro ba ne.

Abin da ya fi mini amfani aikin gida ne. Ni tsorona in bar jariran ko na minti biyar, ko wanka zan shiga sai na jawo su bakin bayi, dare kuma ina tashi ina sa yatsa a hancinsu in ji ko suna numfashi. Aka ce wannan satin ki bar su wajen kakarsu ki je shagon bakin titi ki sayo sabulu ki dawo. Ƙafata na rawa na tafi, a gaban mai shago abin ya taso, na dafa kanta ina ja ina ƙirga uku ina saki ina ƙirga uku, yaron shagon na tambaya hajiya lafiya, na ce lafiya ba ni sabulu. Da na ba da labari ranar zama matan nan suka yi ta guɗa sai ka ce na sauke Alƙur'ani, wanda a gida in na faɗa wa wani na je shago na dawo ai sai ya ce to sai mi. Sati na gaba aka ƙara nisa.

Abin da ban so ba guda biyu ne. Akwai wadda in ta karɓi magana ba ta saki, sai mai jagora ta yi da gaske, kuma bayan an gama zaman wasu suka buɗe gurup na WhatsApp wai mu ci gaba da zumunci, nan ne abin ya lalace, ƙarfe ɗayan dare a turo murya ana kuka, wata ta turo bidiyon gawa, wata ta turo tallar maganin gargajiya mai warkar da ciwo arba'in. Na fita ban yi sallama ba. In naku suka ce za su buɗe ki ce a sa mai jagorar ciki ko a bari. Yanzu mu uku ne muke haɗuwa jefi jefi gidan ɗayarmu. Ban ce na warke sarai ba, yana zuwa, amma ina zuwa kasuwa ina zuwa biki kuma na san abin da zan yi in ya zo.

Ɗalibi daga Jami'ar André Salifou:

Tanti Allah ya ƙara sauƙi. Ina so in ƙara kan maganar Baba Majo don kar a ce abin Turawa ne aka kwaso mana. Shi tsarin ƙungiyar da ya ambata an gwada shi a kwarin Swat na Pakistan, yankin musulmi masu kulle da suka sha yaƙi, mata sama da 600 aka bi, sakamakon ya fito a 2019, waɗanda suka yi zaman biyar fargabarsu da baƙin cikinsu sun ragu fiye da na waɗanda ba su yi ba bayan wata uku. A Zimbabuwe kuma wani likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama bisa benci a harabar asibitocin Harare suna sauraren mutane, binciken da aka buga a 2016 ya nuna ya yi aiki ƙwarai, kuma bayan zaman mutum ɗaya ɗaya ana shigar da su ƙungiya inda suke saƙa jakunkuna suna saidawa. Mu nan ma ai ba baƙon abu ba ne mata su taru su riƙe amana, asusun Mata Masu Dubara a Maradi aka fara shi a 1991 kafin ya bazu Afirka, matan da ke riƙe sirrin bashin junansu shekara da shekaru za su iya riƙe wannan.

Ni damuwata maza ce. Muna da fada, majalisar samari, a kowane lungu, muna kwana bisa benci ana dafa shayi zagaye uku, amma ka ce gabana na faɗuwa ba dalili ka ga yadda za a mayar da kai abin dariya har sunan ya bi ka. Wani abokina lokacin da muke shirin bak, jarabawar shiga jami'a, haka ya yi ta fama, ya daina cin abinci yana amai kafin kowane gwaji, abin da fada ta ba shi shi ne wani ya miƙo mishi ƙwaya ya ce sha ka ji garau, yau maganar da nake muku ƙwayar ce matsalarsa ta fi fargabar. Da akwai inda samari takwas za su zauna da wanda ya san aikin da abin bai kai shi haka ba. Baba Majo ko kun san inda ake yi wa maza a garin nan ku taimaka mana.

Mai Haƙuri:

Ni kam zan faɗi ɗaya gefen don kar ta shiga ido rufe. Yayata ta shiga irin wannan a wani wuri, ba zan faɗi ko ina ba, ba a yi wata ɗaya ba maganar da ta faɗa kan rashin barcinta da tsoron mutuwa ta dawo mata ta bakin facalarta wajen wani suna, gaban mutane, wai ashe har ƙungiyar masu taɓin hankali kike zuwa. Ta yi sati ba ta fita ba. Da muka bincika ashe wurin ba tsari, ƙarƙashin rumfa ake zama kusa da inda mata ke jiran awo, kowa na wucewa yana ji, yau mutum goma gobe ashirin, wata ma rakiya ta zo ta zauna. Daga baya ta koma ganin ma'aikacin ita kaɗai duk sati biyu kuma alhamdulillahi ta samu sauƙi sosai a haka. Don haka ba kowa ne ƙungiya ta dace da shi ba kuma ba kowace ƙungiya ce ƙungiya ba. Ki je da idonki ki ga ɗakin tukuna, yana da ƙofa? taga na kallon ina? in bai kwanta miki ba ki ce ke kaɗai kike so, haƙƙinki ne, kar kunyar ma'aikaciya ta sa ki amsa abin da ranki bai so ba.

Ƴar Garin Malam:

Na gode ƙwarai ƴan uwa Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Malam Ɗan Birni azkar ina yi ba na bari, innata kuma ta sani, sai dai duk ranar da na gaya mata ita ma ba ta barci, shi ya sa na rage. Mai Haƙuri Allah ya ƙara wa yayarki lafiya, na kira matar na tambaya ta ce ɗaki ne mai ƙofa can baya, mu takwas ne kuma in an fara ba a ƙara kowa, ta ce in zo in gani kafin ranar. Baba ƙwayar tawa cikin waɗanda kuka faɗa ce, ta farkon. Saura maigida, ban san ta inda zan ɓullo mishi ba don shi mutum ne da in ya ce a'a sau ɗaya da wuya ya sake, kuma bai ce a'a ba tukuna, cewa ya yi bai ga amfanin ba. Sannan muna da niyyar ƙarin haihuwa, ko ƙwayar na hanawa?

Baba Majo mai ritaya:

Ɗiyata tunda bai ce a'a ba kar ki matsa har ya faɗa. Ranar da za ki je ganin ɗakin ki roƙe shi ya kai ki da kansa bisa moto, ki kira matar tun kafin ku iso ki ce dan Allah ta ba shi minti goma ta yi mishi bayani, maza da yawa abin da matarsu ta faɗa sau goma ba su ji ba in ma'aikaci ya faɗa sau ɗaya sun ɗauka, kuma ya ga wurin da idonsa ya san mata ne zalla. Ki gaya mishi zaman yana da ranar ƙarewa, kuma ki nuna mishi abin da ciwon ke ci muku, kuɗin kabu-kabun aike, yadin da ƙanenki ke sayowa ba irin wanda mai kaya ta ce ba, ɗinkin salla da kika mayar. In ya yarda ma shi zai raka ki aikin gida na farko, ya tsaya bakin kasuwa ke ki shiga layi ɗaya ki fito.

Maganar haihuwa, ba ƙwayar hana ɗaukar ciki ba ce, amma ki gaya wa wadda ta rubuta miki ita niyyarku tun yanzu kafin cikin ya shiga, ita za ta duba ko a ci gaba da wannan ko a canza ko a rage a hankali, kuma in kika ga wata ya wuce ba ki ga al'ada ba ki koma wajenta a satin, kar ki yanke da kanki.

Ɗana ɗalibi, ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti ka tambaya, in ba a yi wa maza ku haɗa kanku ku shida ko takwas ku rubuta buƙata ku kai musu da kuma ofishin kula da ɗalibai na jami'arku, abu ne da ma'aikaci ɗaya da ɗaki ɗaya ke isa. Abokin naka kuma kar a jira ƙungiya, a kai shi a duba shi cikin satin nan, kuma kar ya yanke ƙwayar lokaci guda shi kaɗai a gida don tana iya kawo mishi farfaɗiya.